Injin Ban-Ruwan Yayana da Takardar da Muka Ɓoye

Zuwa ga Shugaban ofishin kula da haƙƙin masu sayen kaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ranka ya daɗe.

Shekara huɗu ke nan rabona da Morai, ta ƙasar Talata Mafara. Gadi nake yi a Ikko. Tun da aka datse ruwa a Bakolori fadamarmu ta daina cika da kanta, noman rani sai da inji. Shi ya sa na yi shekara biyu ina tara kuɗi na aika wa yayana, Malam Isa, ya sayi injin ban-ruwa a Mafara. Kukana a kan injin nan uku ne.

Na ɗaya. Mai shago ya ce masa injin sai ya gaji da shi. Wata bakwai ya yi, ya tsaya cak, albasa na tsakar yin kai.

Na biyu. An ba shi takarda da Turanci. A wajenmu, tun lokacin biyan diyyar gonaki, mun ga yadda wanda takardarsa ta ɓace ya rasa komai. Saboda haka yayana ya naɗe ta a leda, ya sa a gwangwani tare da takardun gonar mahaifinmu. Bai nuna wa kowa ba. Ashe ciki aka rubuta a kai injin a duba shi kafin wata shida, in ba haka ba babu garanti. Sai ranar da injin ya mutu aka karanta masa.

Na uku. Bakanike ya ce ƙarfe ɗaya ne ya cinye. An nema a Mafara, Bakura da Maradun, babu.

Ban ce mai shago macuci ba ne. Ya zo har gona ya jajanta, shi ma abin da dila ya faɗa masa ya faɗa. Mu ma da namu sakacin. Amma yayana, dattijo mai ciwon baya, ya koma ɗibar ruwa da bokiti, fangalin albasa goma sha ɗaya ya ceto cikin arba'in.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sa doka kowane inji ya zo da bayanin shekarun da zai yi, da Hausa, boko da ajami, a jikinsa ba a takarda ba. Mai sayarwa ya karanta wa mai saye sharaɗin gaban shaida. Wanda kuma ya kawo inji, ya kawo kayan gyaransa.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya, ya jiƙan magabata.

Abin da na sake tarawa bayan wannan: rabin kuɗin inji, da kuɗin motar zuwa gida. Na haɗe su wuri ɗaya don sayen wani injin, bana ma ba zan je gida ba. Ina dai so in san ko injin wata nawa zan saya wa yayana.

Wassalam.

Sani Morai, mai gadi, Ikko.