Muryata Ta Tsaya a Layi Ranar da Maigidana Ya Rasu

Zuwa ga mai girma Daraktan kamfanin da ya sa mana wifi, reshen Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Rabi, ina zaune a Sabon Gari. Ina cikin takaba, ba ni fita, shi ya sa ban zo ofishinka da ƙafata ba. Sau biyu na aika saƙo ba amsa, sai na ga gara in rubuta inda kowa zai gani. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

Ranka ya daɗe, maigidana direban babbar mota ne. Da aka rufe iyaka motarsa ta maƙale a can Benin, ya ƙi barin kayan mutane ya taho. Saboda yawan tafiyarsa aka kawo mana akwatinku na wifi tun kafin wannan tafiyar, don mu riƙa ganin juna a waya. A can ciwo ya kama shi, Malam Sani abokin aikinsa ya kai shi asibiti.

Ga kukana.

Na ɗaya. Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Sani ya kira, ya ce jiki ya yi tsanani, ga maigidana yana son magana da ni. Na ga fuskarsa, na ji muryarsa sarai. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, duniya da lahira, ni ma ya yafe mani. Sai na ga ya zuba wa wayar ido yana jira. Ya sake cewa in yafe masa. Na ɗaga murya har maƙwabta suka ji. Karo na uku da ƙyar bakinsa ya motsa, ya ce ko ina fushi ne. Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa kwana da fushinsa ba. Daga nan hoton ya tsaya cik. Kafin kiran ya sake shiga, Allah ya karɓi abinsa.

Na biyu. Ba ɗauke wuta aka yi ba, balle a ce laifin wuta ne, kuma fitilun akwatin duk kore suke. Bayan sadakar bakwai wani maƙwabcinmu mai gyaran waya ya duba, ya yi mani bayani yadda zan gane. Ya ce hanyar fita daga akwatin ƙunci gare ta, duk abin da aka aika daga gidan layi yake bi, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Ranar rasuwar kuwa gidan cike yake. Dangi sun zo daga Tsibiri da Jiratawa tun da suka ji ciwon, kuma yanzu in baƙo ya shigo, bayan ruwan sha lambar wifi ake ba shi. Ni da kaina na ba su. Suna zaune tsakar gida suna ta aika hotunan maigidana da bidiyon wani malami yana addu'a zuwa ga 'yan uwa, a taya mu roƙo. Saƙonnin nema masa sauƙi su ne suka tare hanya, maganata tana bayansu. Ba wanda na faɗa wa wannan cikinsu. Ƙanwar maigidana tana cikin masu aikawa, in ta ji, ba za ta ƙara barcin kirki ba. Yanzu dai za ta karanta, Allah ya sani ba ita nake nufi ba.

Na uku, wanda ya fi yi mani ciwo. Mai gyaran wayar nan ya taɓa wani wuri a cikin akwatin, ya sa murya ta riƙa wucewa gaba, hoto da bidiyo su jira. Ko shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Ashe gyaran yana nan ciki tun ranar da ma'aikatanku suka kafa shi. Sun nuna mani inda ake kunnawa da kashewa, suka bar takarda da Faransanci, suka tafi. Duk lokacin da na yi kukan magana tana yankewa, amsar ɗaya ce, in kashe in kunna.

Abin da nake roƙo ba kuɗi ba ne. A sa wannan gyaran a kowane akwati kafin a kai shi gidan mutane. Gidajen da mazansu ke bayan iyaka suna da yawa a garin nan. Kuma a faɗa a rediyo da Hausa, cewa in ana kiran mara lafiya kowa ya aje wayarsa.

Sai roƙona na kaina. Malam Sani ya ce da hoton ya tsaya ya aje wayar ya riƙe wa maigidana kai, yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya ce can ya ji muryata ta fito a jere da sauri, amma ba zai rantse ko da sauran numfashi a lokacin ba, kuma ba zai yi mani ƙarya ba. An ce na'urorinku suna riƙe lokacin komai. In haka ne, a duba mani mintin da maganata ta fita daga gidan nan. Asibiti sun rubuta lokacin rasuwarsa a takarda, tana hannuna. Ko wace iri ce amsar, a ba ni ita, zan iya ɗauka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a aikinka. Allah ya sa ranar da naka zai kira ka, ya ji amsarka a kan lokaci.

Wassalam.

Rabi, Sabon Gari, Maraɗi.