Lallen Walida da Na'urar Zaɓe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar da ba ta yankewa, ina sanar da ke cewa 'yata, takwararki, wadda muke kira Walida saboda kunyar sunanki, ta jefa ƙuri'arta ta farko. Amma fa da ƙyar, Inna!

Kin sha ba mu labarin shekarar da aka fara barin matan Arewa su yi zaɓe, yadda kika goya ni kika tako daga Kangire, maza na tambayar ina za ki. Amsarki ɗaya ce: "Ni ma mutum ce, a ƙirga da ni." Walida ta haddace labarin nan. Tun da ta karɓi katinta take ɗokin ranar, har ta ishe mu.

Sai bikin ƙawarta ya faɗo a makon zaɓe, can Sara ta Gwaram. Kin san 'yan mata da lalle. Ta dawo Birnin Kudu hannu baƙi ƙirin, har kan yatsu, tana ta yanga.

Yanzu ba kamar zamaninku ba ne. Akwai wata na'ura da ake ɗora wa yatsa ta shaida mutum kafin a ba shi takarda. Walida ta ɗora, na'ura ta ƙi. Ta sauya yatsa, ta ƙi. Sai ga ƙwalla.

Da kin ga matan layinmu! Wata ta ciro lemon tsami daga jaka, wata ta ce a goge da yashi, Goggo Ladi ƙanwarki kuwa faɗa take yi wa na'urar, wai ba ta da kunya, ba ta san jikar wa ke gabanta ba. Aka murje yatsan nan har ya yi ja, lalle yana nan daram. Ni dariya nake, amma wallahi addu'a nake ta yi a zuci, kada yarinyar nan ta koma gida ba a ƙirga da ita ba.

Malamin zaɓe ya ce a gwada fuska, don na'urar tana shaida mutum da ita ma. Walida ta share hawaye, ta gyara mayafi, ta haɗe rai. Inna, ke ce sak, ranar da kika kama mu muna satar ƙuli-ƙuli. Na'ura ta karɓa nan take, Goggo ta rangaɗa guɗa, ni kuma nawa hawayen suka zubo, don na yi kewarki ƙwarai.

A hanyar gida na lallaɓa na tambaye ta wa ta dangwala wa. Ta dube ni ta ce ba ta tsaya cikin zafin ranar nan don ta faɗa wa kowa ba, ko da ni ce. Na ji haushi kaɗan, na ji daɗi da yawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya shirya mana waɗanda aka zaɓa.

'Yarki mai kewarki,
Binta