Gwajin Jinin da Ya Hana Abukari Tafiya

Maamobi, Accra.

Zuwa ga Yayana Musah, a Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya sassauta maka zafin ƙasar da nauyin aiki. Mu nan alhamdu lillahi. Yara sun koma makaranta, babansu yana nan yana fama da tasi tsakanin unguwannin Kawukudi da Malam. Ruwan bana ya cika babban kwalbatin Nima, amma bai shigo mana ɗaki ba. Na rubuto ne na ba Alhaji Iliasu da zai koma wajenku, domin duk sanda ka kira waya mahaifiyarmu Mma tana zaune kusa da ni, ba na iya buɗe baki.

Yaya, ƙaninka Abukari ba zai zo ba. Ka daina gyara masa wurin kwana.

Ka san duk abin da kamfaninku ya nema ya kawo. Fasfo ya fito, takardar 'yan sanda ta fito. Suka ce shekarun da ya yi yana ƙera ƙofofi da tagogi ba hujja ba ce sai da shaidar sana'a mai hatimi, ya je ya zauna jarrabawar walda ya ci. Suka ce sunansa a takardar haihuwa Abukari, a fasfo Abubakar, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Ya rage gwajin lafiya kawai a buga masa biza. Ranar ya fita yana dariya, yana ce wa Mma wanda ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai ba ya tsoron allura.

Da sakamako ya fito sai aka ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jininsa. Likitar ta zaunar da shi, ta ce ba kwance yake ba, in yana zuwa ana duba shi zai iya tsufa da ƙarfinsa. Amma ta ce ƙa'idar da aka ba su ita ce mai irin wannan jini ba a ba shi izinin aiki a can, kuma an riga an shigar da sunansa a na'ura, ƙasashen da ke maƙwabtaka da ku ma za su gani. Bai yarda ba, ya je wani asibiti aka sake ɗiba, magana ɗaya. Wani dillalin tafiye-tafiye a Adabraka ya ce zai samo wanda zai ba da jini a madadinsa. Abukari ya yi kwanaki yana juya maganar, sai Alhaji Iliasu ya gaya masa ko ya sauka a Doha sai an sake gwada shi, a sa shi a jirgi a maido. Daga ranar bai ƙara ambatar tafiya ba.

Ga shi ya riga ya sayar da injin waldarsa, ya mayar wa mai fili kwantenar da yake aiki a ciki, yanzu wata mata ce ke sayar da wayoyi a wurin. Abokinsa Kazeem ne ya ja shi shagonsa, yana yi masa aiki ana sallamarsa da yamma. Dangin Sherifa, yarinyar da aka sa masu rana bayan babbar Salla, sun aiko kawunta ya ce a ɗan dakata tukuna. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Maamobi ba ta ɓoye magana.

Abin da ya fi ci mani rai Mma ce. Likitar ta ce sau da yawa tun wajen haihuwa ake ɗauka, ta ce a kawo 'yan gida. Ni ba a samu komai ba, amma an samu a jinin Mma. Tun da muka dawo ta keɓe kofinta da cokalinta, ba ta barin jikokinta su hau cinyarta. An gaya mata ba a ɗauka ta abinci, amma masu sayen kokonta sun fara wucewa gaba, har ta kife tukunyar ta daina fita. Jiya na ji tana gaya wa maƙwabciya wai ita ta haifi yaron, ita ta rufe masa hanya. Shi kuwa in ya dawo sai ya zauna ya ci tuwo a kwanonta da gangan, ita tana janye kwanon tana kuka.

Abukari ya ce in roƙe ka abu biyu, shi ba zai iya ba. Ka yi wa shugabanku magana a ba Kazeem gurbin, fasfonsa na hannu kuma hannunsa ya iya aiki. Sannan kada ka saurari duk dillalin da ya ce zai goge suna daga na'ura.

Nawa roƙon kuma tambaya ce, ka ba ni amsa ta gaskiya. In lokacin sabunta izinin zamanka ya yi, suna sake ɗibar jini? Na san an gwada ka kafin ka tafi, amma ciki ɗaya kuka fito da Abukari, kuma yau gidan nan duka a kanka yake tsaye. Kada ka amsa ta wayar Mma. Ka kira lambar baban yara.

Mma tana sa maka albarka. Abukari da yara suna gaishe ka. Ka gaishe mani da ɗan Kawu Wahab da duk 'yan Zango da kuke tare. Allah Ya tsare ka, Ya rufa mana asiri.

Ƙanwarka,
Zalia.