Abin da Ke Binne a Bayan Ɗakina

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Adama unguwarzoma, matar marigayi Mahdi, ta nan Baure. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Mai shakka ya zo in faɗa masa ɗakin da aka haife shi da wadda ta riƙe uwarsa. Ni nake faɗa, 'yata Murja tana rubutawa, Malam Audi liman yana shaida daga bakin ƙofa. Zakiyyu, Murja, da Hammanku, wato babban wanku, da ba ya nan, ku saurara.

Na ɗaya. Tukunyar wankan jego da ƙwaryar magungunana na Murja ne. Na san malamar makaranta ce, jini ma ba ta son gani, amma ta ajiye. Wata rana wata za ta zo nema.

Na biyu. Gonar hanyar Zango da awaki, a raba tsakanin Zakiyyu da Murja yadda shari'a ta ce. Hammanku ba ya ciki. Na tambaya, an gaya mini wanda ya bar addini ba ya gado, ban kuwa yi musu ba.

Kun san abin da ya faru, amma ba ku san yadda na ji shi ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya ɗau zafi, Hammanku ya dawo daga Malumfashi inda yake aikin jinyar dabbobi. Ina tankaɗe ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, an sake haihuwata." Kai Zakiyyu nan take ka gane ya zama Kirista, ka ce daga ranar ba ka da wa, ka fitar masa da jakarsa zaure. Ni kuwa ba abin da ya shiga kunnena sai kalmar haihuwa. Kwana biyu na yi ina naƙudarsa. Wace mace ce ta isa ta maimaita mini?

Na hau mota ban gaya wa kowa ba, na je neman matar. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Na sami Kiristocin a wani ɗaki mai rufin kwano suna waƙa da Hausa, na tsaya a waje na ce a fito mini da wadda ta sake haihuwar ɗana. Wata tsohuwa sa'ata ta fito, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Baiwar Allah, ba mace ba ce. Mu a wurinmu, wanda ya karɓi Almasihu, Ruhun Allah ne yake haifarsa sabo, ya zama ɗan gida a iyalin Allah. Ke ce dai uwarsa." Ban karɓi maganarta ba, a kan Musuluncina zan mutu. Amma na ji suna kiransa ɗan'uwa, baki ɗayansu, mutanen da ba su sha nonona ba. Wanda ya sha kuwa ya daina. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Tun daga lokacin nake jin kukan jariri a bayan ɗakin nan. Ba mafarki ba ne, da rana tsaka nake ji, gida shiru. Kukan farko ne, irin wanda unguwarzoma ke jira kafin ta saki numfashinta. In na lallaɓa na leƙa, ba kowa sai kaji suna tono. Jiya ma na ji. A nan kakarku ta wanke mabiyiyar Hammanku ta binne ranar da ya faɗo, gindin zogalen nan, ina kallo ta taga.

Na uku. Ɗakin nan da filin bayansa na bar wa Hammanku, wasiyya daga cikin sulusina. Malam Audi ya tabbatar mini ya halatta, tunda ba magaji ba ne. Ashe abin da ya fitar da shi daga gado shi ya buɗe mini hanyar ba shi.

Na huɗu. Zakiyyu, na ga bulon da ka tara, na kuma ji kana cewa wurin zai yi shagon gyaran babur. Ban yafe a zuba siminti a nan ba. Taka mabiyiyar ma tana wurin, taku kaɗan daga tasa. Ka je ka tona, in za ka iya bambance su, sai ka ci gaba da cewa ba ka da wa. Ban ce ka bi abin da ya bi ba, ban ce ka ce daidai ne ba. Hisabinsa ba a hannunka yake ba. Ni dai na san cikin da kuka kwanta ɗaya ne.

Na biyar. A aika masa yau, kada a jira sai an fita da ni. In bai riske ni ba, ba zai shiga sahun salla ba, na sani. Amma a tabarmar gaisuwa ya zauna a sama da kai, Zakiyyu, domin shi ne babba. Duk wanda ya zo ya fara miƙa masa hannu. Wanda ya ƙi, ka tashi ka raka shi ƙofa.

Malam Audi ya ce wasiyya ba ta tsayawa a kan Hamma, kowane gida yana da Hammansa, sai an ambaci suna. Ɗan fari ne, kun san ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Na ji can sun raɗa masa wani, suna ta kira a bainar jama'a. Nawa kuwa, wanda aka yanka wa rago, yana bakina tun ina yarinya bai fito ba. Ina tsoron in shiga ƙasa da shi.

Allah Ya yi muku albarka ku ukun, Ya shirya mu baki ɗaya, Ya sa kada ƙofar gidan nan ta rufu a fuskar wanda aka haifa a cikinsa. Ku riƙe juna.

Murja, daina kukan, ɗauki biron. Malam, matso ka ji da kyau, sau ɗaya zan iya.

Dabo. Sunan ɗana Dabo.