Na Sauya Lambar Kaɗanyar Mama Rahila

Assalamu alaikum Anti mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, ni ma ban ƙyale kaina ba.

A Maitumbi nake, nan Minna, ɗana ɗaya, ko yaye shi ban yi ba. Ina ƙungiyar mata masu tsintar kaɗanya, wani kamfani ke saye, wai a ƙasar waje ake zuba man a cakulan. Maƙwabciyata Mama Rahila, dattijuwa ce 'yar Gbagyi, ita ta shigar da ni, ita ta koya min dafa ƙwarar da shanya ta. Bara kamfanin ya kawo wata doka da suke ce wa sastenabiliti, wai don kar itatuwan su ƙare, aka buga wa itatuwan kowace mace lambar ƙarfe, duk wadda aka sare nata an cire ta daga ƙungiya. Mama ba ta yi boko ba, ni da na tsaya aji huɗu nake karanta mata lambobinta.

To mijina gawayi yake yi. Na ce Baban Amir, don Allah ka bar masu lamba, ya ce, "Masu cakulan ne za su ciyar da ke?" Ya sare uku cikin nawa. Sai na ji mai dubawa daga kamfanin zai zo ran Litinin. Ran Lahadi da hantsi Mama tana coci, na goya yaro na ɗauki guduma, na ɓamɓare lambobinta uku na buga a kututturan, nawa kuma na mayar jikin itatuwanta.

Mutumin ya zo da takalmi mai sheƙi da ruwan gora, wallahi bai san kaɗanya da ɗorawa ba. Ya dubi lamba, ya dubi takarda. Mama ta rungume ɗaya daga cikin itatuwan ta ce, "Ɗana, wannan nawa ne, uwana ya tsinta a nan, ni ma na tsinta." Ya ce, "Mama, takarda ba ta ƙarya." Sai ta juyo wurina: "Maman Amir, ke kin iya boko, karanta mini." Na karanta. Da bakina na ce lambar tawa ce.

A wurin aka soke sunanta. Bana ni ke tsinta a gindin itacen uwarta.

Ba kare kaina nake ba, amma mu mata ne muke saran itace? Sau nawa masu kamfanin suka tara mu a rana muna tafi ana ɗaukar hoto, ko sau ɗaya sun zauna da mazanmu? Wa ya tambayi Mama wane itace ya fi haihuwa, alhali duk ta san su kamar jikokinta?

Yanzu wai ni suka zaɓa gwarzuwar kula da itace, ran Alhamis za su ɗauke ni hoto a gindin itacen nan. Ɗazu Mama ta shigo da sabon zaninta na zuwa coci, ta ce, "Ki ɗaura, kar a ce yarinyana ba shi da kaya." Har wasa ta yi wa Amir.

In na faɗi gaskiya malaman daji za su kama mijina, a kore ni, aurena ma ban san inda zai tsaya ba. In na yi shiru, da wane ido zan kalli kyamara cikin zanin matar nan?

Zanin yana kan gadona a ninke, Alhamis jibi ce. Jama'a, ni kam me zan yi?