Rasuwar Alhaji Abdulghaffar Jaji, Ma'ajin Kaset Arba'in da Uku

Ƙungiyar Tsofaffin Makaɗan Guguwar Bahar Maliya
Karantina, Jidda
Asabar, 14 ga Maris, 2009

Cikin alhini, da sallamawa ga hukuncin da babu mai ɗaga shi, wannan ƙungiya ta samu labarin rasuwar ubanta kuma ma'ajinta na tsawon shekara talatin da uku, dattijo mai farin jini, Alhaji Malam Abdulghaffar Jaji, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 10 ga wannan wata, a gidansa da ke Sa'alaba, yana da shekara sittin da takwas, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa Hajiya Saudatu, da 'ya'yansa bakwai, da jikoki, da ɗaukacin Hausawan Jidda da suka cika masallaci har waje ranar jana'izarsa.

Ga waɗanda ba su san mu ba: a shekarar 1976 samari huɗu haifaffun Karantina suka haɗa jitar lantarki da ganguna, suka ɗauki kiɗan rok mai tsananin ƙara, irin wanda suke ji wurin ma'aikatan jiragen ruwa, suka ɗora masa waƙar Hausa. Ba mu taɓa hawa dandamali ba, ba mu taɓa fitar da faifai ba, domin garin ba na haka ba ne. Duk abin da muka yi a duniya shi ne gwaji a wani sito bayan tashar jirage, kowace Alhamis bayan la'asar, da rikoda a kan bokiti kife. Shekara takwas muna haka, muka tara kaset arba'in da uku, ba ko ɗaya da ke da kwafi. Marigayi bai iya kaɗa ko gwangwani ba, amma yana da abin da babu ɗayanmu mai shi, wato iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa. Kowa a Karantina ya san ƙa'ida: marar takarda ba ya ajiye abu mai daraja a ɗakinsa, domin yana iya fita sayen burodi ya ƙare a jirgi, sai ya kai wa mai iƙama. Haka muka yi. Ni mai sa hannu a wannan takarda, ni na ɓalle ɗan haƙorin kowane kaset da ƙusa don kada a ɗauki wani abu a kansa bisa kuskure, na kai masa da hannuna.

A 1984 aka yi kamen marasa takarda, aka tafi da mawaƙinmu, Hussaini Mailafiya, aka sauke shi a Kano, garin da bai taɓa gani ba, inda yara ke dariyar Hausarsa. Shekara biyu ya yi ya rasu. Ya bar matarsa Tani a nan da jaririya 'yar wata shida, Zakiya. Muryar Hussaini ba ta rage ko'ina a bayan ƙasa ba sai cikin akwatin marigayi.

Jama'a dai sun fi sanin Alhaji Abdulghaffar da wata hidima, kuma ba za mu tauye masa ita ba. A zamanin da waya ta fi ƙarfin talaka, shi ne ya zaunar da 'yan'uwanmu da ba su iya rubutu ba a gaban rikoda, kowa ya yi wa iyalinsa magana, a ba alhazai masu komawa su kai Sakkwato da Damagaram da Gusau. Da aikin Hajjin 1985 ya fara, kuma a wannan shekara bai karɓi ko kuɗin kaset ba, daga akwatinsa yake ɗaukowa ya bayar. Daga nan sunansa ya tashi, aka riƙa kiransa mai buɗaɗɗen hannu, aka sa shi gaba a ɗaurin aure da sulhu. Mu ma muka taya yabo.

Haka kuma ba za mu manta da haƙurinsa da marainiya ba. Tun Zakiya tana shekara tara, kowace Sallah sai ta taka daga Karantina zuwa Sa'alaba ta gaishe shi, ta roƙi a sa mata kaset ɗaya ta ji mahaifinta. Bai taɓa korarta ba. Yakan sa a ba ta lemo, ya jawo akwatin, ya buɗe, ya nuna mata gidajen kaset a jere da rubutun hannun Hussaini a ƙeyarsu, ya hana ta taɓawa, ya ce lokaci bai yi ba, ya mayar da kwaɗo. Sallah talatin da biyu ta yi wannan tafiya. Mu da muka tambaya sai ya ce mana ajiya tana nan lafiya, shi ke nan, mu kuwa da ba mu da bakin ɗaga murya a gaban mai takarda, muka koma gida.

Jiya Juma'a, bayan addu'ar uku, Hajiya Saudatu ta kira mu ta miƙa mana mabuɗin akwatin a gaban shaidu, Allah Ya saka mata da alheri. Muka buɗe. Gidajen kaset arba'in da biyu wayam, babu komai a ciki sai takarda. Ashe kallon kitse yarinyar nan take yi wa rogo duk waɗannan shekaru, kuma mai nuna mata ya sani.

Na arba'in da uku yana nan, an liƙe gurbin haƙorin da na ɓalle da salatif, a tsanake, gefe da gefe. Muka sa. Muryar marigayi ce, yana barin wasiyya, awa guda cur. A ciki ya lissafa ayyukansa na alheri, kuma na farko da ya ambata shi ne yadda ya tsarkake kaset ɗin kiɗa arba'in da biyu, ya mayar da su saƙon zumunci. Ya faɗa yana murmushi, ana jin murmushin a muryarsa. Ya nemi gafarar maƙwabta da sunayensu, da direbansa, da mai wanke masa kaya. Bai ambaci Hussaini ba, bai ambaci Tani ba, bai ambaci Zakiya ba.

Iyalan marigayi sun roƙi ƙungiya ta sanar cewa ta yafe masa, kamar yadda aka saba. Mu uku muka rage. Jabiru mai ganga ya ce ya yafe. Kawu, ɗayan makaɗinmu, ya ce ya yafe rabonsa kawai. Ni ban ce komai ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a takardar ta'aziyya ba: raina a ɓace yake, kuma har da kaina nake jin haushi, domin ni na kai masa. Duk da haka muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa rahamar da ta fi aikinsa, Ya ba Hajiya Saudatu da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi, da haƙurin karanta wannan sanarwa, alhali ba su da laifin komai.

Ta'aziyyarmu ta ƙarshe ga Malama Zakiya Hussaini Mailafiya ce, wadda ke zaune tare da mu har aka kai ƙarshen wasiyyar. Inda marigayi ya kashe rikoda, zaren kaset ɗin ya rage ɗan kaɗan da bai goge ba. Daƙiƙa huɗu. Ana jin Jabiru ya buga sanduna sau uku, sai wani ya ja numfashi zai fara waƙa, sai kaset ya ƙare. Ta mayar da shi baya sau goma sha ɗaya, sannan ta tambaye mu da Larabci ko wannan numfashin na babanta ne. A wannan waƙa mu biyu ne muke shiga tare, ni da Hussaini. Mun ce mata nasa ne. Allah Ya yafe mana in ba nasa ba ne.

Sa hannu:
Alhaji Muntaka Ɗan Larai
Tsohon makaɗin jita,
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Ƙungiyar Tsofaffin Makaɗan Guguwar Bahar Maliya