Kwanon Rumaisa

Kambaza, Gwandu
2 ga Yuli, 2024

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Jummai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyunki sarakan ɓarna. Ya Kalgo, ya shago? Mu nan lafiya lau. Damina ta kankama, gona ta ƙwace mana Hamidu, sai magariba muke ganin maigida.

Ga aikina na uku na karatun kiwon lafiya nan na ba Bawa direba, shafi tara. Na san za ki ce wa ke rubuta wasiƙa a zamanin nan, to kin dai san sabis ɗin garinmu, sai na hau kan turmi a gindin rumbu kafin saƙo ɗaya ya fita. Darussan ma sai Hamidu ya shiga Gwandu da wayar yake sauko mini da su, in saurara ina tuƙa tuwo, Muzzammil a bayana yana jan ɗankwalina. 'Yata Rumaisa kuwa ta riga ni zama ma'aikaciyar lafiya. Jiya na same ta ta ɗaure wa akuya tsumma a ƙafa, wai hawan jini take auna mata.

Ki buga mini shi a kwamfuta kamar sauran, ki tura ta shafin intanet na makarantar kafin Litinin. Lambar sirrina tana nan yadda kika san ta. Kada ki yi mini tsiyar rubutu, a bayan tire na yi shi.

Wannan karon cewa aka yi kowa ya rubuta labarin mara lafiya ɗaya da ya sani: yadda ciwon ya fara, yadda ake kula da shi, da abin da mutane ke faɗi a kansa. Sharaɗin shi ne a ɓoye suna, na kuwa ɓoye. Abu ɗaya nake roƙo, in kin gama ki sa takardun a murhu. Kada ki bar su a shago ɗaliban jami'a su yi ta juyawa.

Yaya, ba don ke ba da tuni na ajiye karatun nan. Saura wata bakwai, in Allah ya yarda, ki ga ƙanwarki da farar riga tana duba matan Kambaza. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Halima Sadiya

Kambaza, Gwandu
9 ga Yuli, 2024

Yaya Jummai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, da fatan kowa lafiya. Na gode da tura aikin, Allah ya saka da alheri.

Bawa ya kawo mini 'yar takardarki. Layi biyu ne kacal, amma sai da na nemi wuri na zauna. Kin ce yarinyar da ke cikin aikin, mai shekara shida da tabon ƙuna a hannun hagu, kamar kin san ta. Ni da wayona na canza suna, na canza gari, na manta da tabon da ke da kanki kika shafa wa man kaɗanya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Rumaisa ce. Farfaɗiya gare ta. Bara da kaka ta fara. Ƙunar nan ma ba ruwan zafi ne ya zubo mata ba kamar yadda muka faɗa muku, faɗuwa ta yi a gefen murhu ina tsaye da ludayi a hannu. Mun kai ta wajen likita a Birnin Kebbi, ya ɗora ta kan magani, safe da yamma. Yau wata takwas ke nan ko sau ɗaya ba ta faɗi ba, alhamdulillahi.

Ni da Hamidu mun yi alkawari ba wanda zai ji, har Inna. Kin tuna Larai ta bayan gidanmu muna yara? Kin tuna yadda in ta sha ruwa a moɗa ake jefar da moɗar bayan katanga? Ni da ke har gudu muke yi in ta nufo mu. Har ta koma ga Allah ban taɓa ganin ta ci abinci da wani a kwano ɗaya ba. Wannan muke guje wa 'yarmu.

Za ki ce to me ya kai ni rubutawa. Kusan shekara guda ina ɗauke da abin nan ba wanda zan faɗa wa, da aka ba ni takarda sai bakina ya buɗe. Na ce malaman suna can nesa, ba su san mu ba. Hamidu bai san na rubuta ba, in ya ji ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Ki tuna shafi na bakwai. Na yi bayani dalla-dalla cewa ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba a ɗaukarsa ta yawu, ko ta kwano, ko ta numfashi. Ba ra'ayina ba ne, abin da aka koya mana ke nan, likitanta ma haka ya ce.

Gaskiya har na ɗan ji sanyi da kika sani. Nono ɗaya muka sha, in ban jingina da ke ba da wa zan jingina? Amana ce na ba ki, Yaya, don Allah ki riƙe. Sai mun haɗu ranar Asabar wajen suna a gidan Kawu Abubakar a Gwandu. Rumaisa tun yanzu take ƙirga kwanaki za ta ga 'yan biyu.

Taki har kullum,
Halima Sadiya

Kambaza, Gwandu
30 ga Yuli, 2024

Yaya Jummai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki don gaisuwa haƙƙinki ce, ina fata yara suna lafiya. Mu ma jikinmu lafiya.

Sau huɗu kina kira ban ɗauka ba, kuma ba laifin sabis ba ne. Na fi so in rubuta, don in na buɗe baki zan faɗi abin da ba a faɗa wa na gaba.

Ranar suna ina ƙofar ɗakin mai jego ina ba Muzzammil nono, komai a idona ya faru. Yara sun kewaye tiren shinkafa, Rumaisa a tsakanin 'yan biyunki har ta sa hannu. Kika zo kika ɗaga ta, kika shimfiɗa mata buhu a bakin madafa, kika zuba mata nata a kwano daban. Da ta nufi randa kika riga ta ɗaukar moɗar, kika tsiyaya mata a gwangwanin madara. Matar Kawu ta tambaye ki dalili, na ga kin sunkuya kin kai baki kunnenta. Kafin la'asar mata suna ta yi mini sannu, irin sannun da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Maganar ta riga mu isowa Kambaza. Yaran maƙwabta da ke cika mini tsakar gida har in kore su, yanzu ko ɗaya ba ya leƙowa. A Islamiyya an mayar da ita ƙarshen tabarma. Mai ƙosai ta ce in daina aiko ta da kwanon gida, za ta riƙa ƙulla mata a leda.

Hamidu a ƙofar masallaci ya ji, a bakin mutane. Ya shigo ya tambaye ni ta ina maganar ta fita, na faɗa masa gaskiya. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Kallona kawai ya yi, ya ɗauki fartanya ya fita. Har yau in zai shiga Gwandu yana karɓar wayar ya sauko mini da darasi, amma miƙo mini kawai yake yi ya wuce. Nawa laifin na ɗauka, ni na fara karya alkawari.

Na karanta saƙonki da kika ce ke ma uwa ce, tsoron 'ya'yanki kika ji. Da wata ce ta faɗi haka sai in ce rashin sani ne, in zaunar da ita in yi mata bayani. Ke fa? Da yatsunki goma kika buga shafi na bakwai, kalma bayan kalma, har kika gyara mini inda na yi kuskuren rubutu. Ko da tsoron ya fi ƙarfinki, ai kina iya jawo ni gefe ki faɗa mini, in ɗauke 'yata da kaina in ce cikinta ke ciwo. Sai kika zaɓi kunnen matar Kawu. Kin ci amanata, Yaya, kuma abin ya yi mini ciwon da ban taɓa ji ba.

Sakamakon aikin ya fito, ni na fi kowa maki a ajin. Malamar ta ce bayanina zai iya canza tunanin gari guda. Na karanta na yi dariya har da hawaye.

Karatu ba zan bari ba, yanzu ma na ga dalilin yinsa. Na canza lambar sirrina. Aiki na huɗu a waya nake buga shi da yatsa ɗaya, ko zai ɗauke ni sati biyu.

Saura saƙo ɗaya, ba nawa ba ne. Rumaisa ba ta gane komai ba tukuna. Ta ɗauka ƙawayenta gona ce ta riƙe su. Kullum sai ta ba ni labarin ranar suna, wai Mama Jummai ta fi son ta a kan 'yan biyu, tunda ita kaɗai aka ba kwanonta, har da nama biyu. Ta ga ina rubutu ta ce in yi miki godiya, in kuma tambaye ki yaushe za ta zo Kalgo hutu ta kwana a ɗakinsu.

Na isar. Ki rubuto mata da kanki, ki yi manyan baƙaƙe, ta fara iya haɗa karatu.

Wassalam. Ƙanwarki,
Halima Sadiya